Naman da Muka Ci a Gidan Bincike

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Lawali, mazaunin bakin rijiyar Kaka da ke yamma da Ollelewa a ƙasar Damargu, zuwa ga mahaifiyarsa wadda ta riga mu gidan gaskiya. Aminci ya tabbata gare ki a makwancinki, tare da gaisuwa irin wadda ɗa yake yi a durƙushe, kansa a sunkuye. Bayan haka.

Inna, a fusace nake rubuta miki wannan takarda, gara ki sani tun daga farko. Kuma ba ke kaɗai za ki ji ta ba. Na kwafe ta da hannuna sau da dama, zan ba fatake da masu raƙuma da ke bi ta Tanut da Belbeji, a karanta ta a bakin kowace rijiya da ake shayar da shanu. Na san da kina raye da kin ja mayafi kin rufe fuska, kin ce ɗan fari ya zubar da mutunci yana yi wa uwarsa magana a gaban jama'a. To kunyar nan ce ta kawo mu inda muke, shi ya sa yau na ajiye ta a gefe.

Saboda masu saurare, bari in tuna miki abin da kika fi ni sani.

Tun da kika haife ni ba ki taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata a Damagaram, can na yi allo, can na shiga littattafai. In na zo ganin gida, ba kya yi min magana kai tsaye. Sai ki dubi tukunya, ko ki dubi kaza tana tono, ki ce, "A faɗa wa mai takardun nan abincinsa yana hucewa." Ni kuma in dubi danga in ce an gode. Haka muka rayu, kuma ban taɓa shakkar kina ƙaunata ba.

Shekarar da ciwon huhu ya shiga garkenki ina gida. Shanu suna tsaye ƙafafu a ware, wuya a miƙe, suna tari kamar tsofaffi, kowace safiya a ja wasu a yanka. Aka kira Baffa Juli, tsohon makiyayin nan da ya yi kiwo tare da mahaifinki, ya yi wa sauran abin da Fulani suka gada. Ya yanko ɗan huhun wadda ciwon ya kashe, ya tsaga karan hancin mai lafiya da aska, ya cusa shi ƙarƙashin fata. Wadda ta tsallake kumburin, ciwon huhu ba ya ƙara kama ta. Amma wasu hancin ne yake kumbura har ya haɗa da ido, su tafi ta nan.

Kika tambayi Baffa Juli dalilin da ya sa hannu ɗaya, aska ɗaya, wata ta tashi wata ta kwanta. Ya ce ƙaddara. Kika tambayi liman, ya ce ƙaddara. Kika tambayi ƙanenki, Kawu Haruna, ya ce ƙaddara, ya ƙara da cewa mace ba ta da tambaya a kan abin da Allah ya hukunta. Ina tsaye kusa da turke na ji kina gaya wa igiyar da ke hannunki, "Na yarda da ƙaddara. Amma wanda ya ƙaddara shi ne ya ba mu ido biyu, bai ce mu rufe ba."

Na ɗauki tambayarki na koma da ita Damagaram, wajen waɗanda nake ganin duk sanin duniya yana zaurensu. Wani babban malami da na yi shekaru ina ɗaukar masa buta ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in tashi in wanke hannu kafin in taɓa littafi, wai warin saniya nake yi. Madararta yake sha kullum, Inna, da man shanu yake cin tuwo, a kan fatarta yake taka ƙasa, amma huhunta ba ilimi ba ne. Har yau ina tuna dariyar da ɗalibai suka yi.

Daga nan na tafi bariki, inda Nasara suke da likitan dabbobi. Ban ma ga fuskarsa ba. Tafinta ne ya fito, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tun da ban yi lakwal ba, wato makarantar Nasara, babu abin da zan iya faɗa wa likita, amma in ina so za a ɗauke ni in riƙa riƙe igiya ana duba dabbobi. Na gane abin da ake nufi. Su ne za su sani, mu kuma mu riƙe igiya.

Da na dawo na ba Kawu Haruna labari a tsakar gida da ƙarfi, don ki ji daga madafa. Kika ci gaba da tuƙin tuwo har kika gama. Sannan kika dubi muciya kika ce, "A faɗa wa mai takardun nan, in malamai ba su so, Nasara ba su so, ni ina so. Ga shanuna da suka rage, ga gonata ta gero. Ya zauna ya duba."

Haka aka kafa gidan bincike. Babu sarki a ciki, babu kwamandan Nasara, babu babban malami. Kika roƙi Kawu Haruna, tun da shi ke da babban rabo a rijiyar da mahaifinku ya haƙa, ya bari a yi zaure a bakinta. Ya yarda yana gunaguni, har ya ara mana azara. Kika sa doka cewa duk makiyayin da ya zo, Bafillace ne ko Buzu ko Bahaushe, zai shayar da garkensa ba tare da an nemi komai a wurinsa ba, ya ci tuwonki, muddin zai zauna ya faɗi abin da ya sani game da ciwon dabbobi in rubuta. Mutanen Ollelewa suka sa mana suna makarantar shanu. Suna cewa ɗan wance ya gama karatun mutane ya koma karanta wa bijimai.

Sharaɗi ɗaya kika gindaya min, shi ma ga ƙofar zaure kika faɗa. "Abin da ya gani shi zai rubuta, ko da ni ya ɓata wa." Na amsa da to cikin sauri, don a lokacin ban ga wata wahala a cikinsa ba.

Rani biyu na farko mun yi aikin da ba na jin kunyarsa. Na zauna da tsofaffi, kowa da irin hannunsa. Muka gwada, muka ga huhun da aka jiƙa cikin dusa da nono mai tsami na ƴan kwanaki ya fi ɗanye sauƙi a jikin saniya. Muka ga tsaga mai zurfi ita ke ta da babban kumburi. Muka koyi ranar da ya kamata a cire huhun, a zagaye wurin da ƙarfe mai zafi kafin kumburin ya yaɗu. Wasu sun san ɗaya ba su san ɗaya ba, mu muka tara su wuri guda. Shanu sun rayu saboda wannan, kuma kina leƙowa ta danga kina ganinsu.

Sai wayona ya motsa.

Tsagar hanci tana barin tabo, wani lokaci har wani abu mai tauri ya tsiro a wurin kamar ƙaramin ƙaho. Makiyaya ba su son wannan. Kin san Bafillace da fuskar saniyarsa, ya fi kallonta fiye da tasa. Kullum kukan da nake ji ke nan, wai an ceci saniya an ɓata mata kyau. Na zauna na yi tunani, na ce me zai hana a mai da tsagar bayan kafaɗa, inda fata take da sakwa-sakwa, gashi kuma ya rufe tabon? Na gaya wa Baffa Juli. Ya girgiza kai ya ce, "Kakanninmu ba su taɓa wurin nan ba." Na ce don me? Ya ce bai sani ba. Ni kuwa da na ji bai sani ba, sai na ɗauka babu dalili, na yi murmushi irin na wanda ya yi karatu a birni.

Ban yi gaggawa ba, ko kuwa haka nake faɗa wa kaina. Na fara gwadawa a kan shanunki. Ko ɗaya ba ta kwanta ba, kumburin bai wuce tafin hannu ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa an dace. Kai, wauta! Shanunki ai su ne waɗanda suka sha ciwon suka tashi, jikinsu ya riga ya san shi. Ko ina na tsaga su babu abin da zai same su. Ɗan kiwon da bai san alif ba zai iya gaya min haka, amma ban tambayi kowa ba.

Labari ya bazu cewa gidan Inna ya samo tsagar da ba ta ɓata fuska. Makiyaya suka zo daga wajen Belbeji, daga wajen Tanut, da karsanoni da ƴan maruƙa waɗanda ba su taɓa ganin ciwon ba. Na tsaga musu da hannuna. Suka sha ruwanki, suka ci tuwonki, suka yi godiya, kowa ya koma rijiyarsa.

Ba a yi sati uku ba nama ya fara zuwa.

Cinya guda a naɗe cikin ganye a kan jaki, an ce daga wane, a gaida Inna. Bayan kwana biyu wata cinyar daga wani mashekarin makiyaya. Na nesa su aiko da busasshe. In na tambayi ɗan aike yaya shanun da aka tsaga, sai ya sunkuyar da kai ya ce sai godiyar Allah. Ni kuma in buɗe takarda, a gaban sunan mai garken in rubuta lafiya. Kawu Haruna, wanda a da yake cewa mun ɓata masa bakin rijiya, ya zama kullum yana zaurenmu da hantsi, yana gasa tsoka yana cewa tun farko shi ya ga alheri a cikin wannan aiki. Shi ne ma ya sa aka aika wa likitan Nasara takarda, aka bayyana masa sabuwar tsagar, aka ce ya zo bayan kaka ya gani da idonsa.

A lokacin ƙafafunki sun riga sun kumbura, ba kya wuce ƙofar ɗaki. Ranar da aka kawo wata cinya, kika ce a miƙo miki. Kika juya ta, kika danna tsokar da yatsa, kika dubi ƙashin. Ina zaune ba nisa ina fiƙe alƙalami. Kika ce wa wuƙar da ke gabanki, "Wannan ba tsohuwa ba ce, ba kuma bijimi ba. Tun da nake ban taɓa ganin makiyayin da ya yanka karsana don murna ba."

Na ji ki, Inna. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Na dubi alƙalamina na ce masa, ƙauna ce, mutane sun ga amfani. Daga ranar ba ki ƙara sa naman nan a bakinki ba, ko romonsa. Kika koma fura da kunu. Bayan kwanaki kika sake cewa, wannan karon ga bango, "Da ina da ƙafa da na je na ga fatun." Na ce wa bangon za a je, bari in gama kwafe littafin bincikenmu da kyau saboda baƙon da ke tafe.

A nan ne nake fushi da ke, kuma Allah ya yafe min. Ke da kika tsaya gaban liman da ƙanenki kika ƙi rufe ido, ke da kika ba da duk abin da kika mallaka don a gano gaskiya, me ya hana ki sau ɗaya tak ki ɗaga murya ki ce, Lawali, tashi ka tafi? Da kin kira sunan nan, wallahi da ko takalmi ban tsaya nema ba. Amma kika bi ta wuƙa, kika bi ta bango, ni kuma na sami wurin ɓuya a bayansu. Na san ba laifinki ba ne, haka kika tarar ana yi. Sanin hakan bai rage min zafin ba.

Kika rasu kafin damina ta faɗi. Makiyaya suka cika bakin rijiya wajen jana'iza, tsofaffi suna share hawaye da bakin rawani. Babu wanda ya ce da ni komai sai Allah ya ba da haƙuri.

Bayan sadakar arba'in maganar fatun ta hana ni sakat. Na hau jaki na nufi mashekarin Baffa Juli a wajen Belbeji, ban aika cewa ina zuwa ba. Tun daga nesa na hango su a bayan bukkoki, an shanya su an kafe da tsinke, wasu an tara an ɗora dutse. Fatu ƙanana, masu laushi, na dabbobin da ko haihuwar fari ba su yi ba. Kowace ɗaya an yanke mata wani babban yanki daga bayan kafaɗa zuwa ƙirji, inda ta ruɓe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa hannu a ramin. Aikin askata ne, na gane shi.

Baffa Juli ya gaya min yadda abin yake. Kumburin yana tashi daga tsagar, ya gangara ƙirji, ya bi ciki, saniya ta kasa tsayuwa. Ba duka ba, amma da yawa, kuma ƙananan ya fi ɗauka. Da sun ga ranta ya kusa fita sai a kawo wuƙa da sauri, kada ta zama mushe.

Na yi wa tsohon nan tsawa, Inna, mutumin da ya girmi mahaifina. Na ce don me kuka yi shiru? Na ce kun bar ni ina tsaga ƴaƴan mutane wata da watanni, ba wanda ya buɗe baki! Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, "Mun sha ruwanta, mun ci tuwonta, tana kwance ba lafiya. Da wane baki za mu je mu ce gidanta ya kashe mana dabbobi? Amma ba mu yi shiru ba, Malam. Duk wadda ta faɗi mun aiko muku da cinyarta. Mun ɗauka mai karatu zai gane."

Sun yi ta gaya min, a kan jaki, a naɗe cikin ganye, ta hanyar da mutum mai kunya zai iya faɗa. Ke da ba ki san baƙi ko ɗaya ba kika karanta saƙon da yatsa. Ni mai gafaka cike da takardu na sa aka dafa shi da yaji, na cinye, na lashe hannu, na rubuta lafiya.

Na kai wa Kawu Haruna maganar. Ya ce in rufe ƙofar zaure. Shawararsa ita ce mu koma tsagar hanci a hankali, in an tambaya mu ce an ƙara samun wata dabara, littafin kuma a cire waɗancan shafuka a sake kwafewa kafin Nasara ya iso. Ya ce makiyayan da abin ya shafa ba za su taɓa faɗa ba, tun da ba su faɗa a baya ba. Ya ce, "Yayata ba ta yi wata uku a ƙasa ba za ka sa a riƙa zagin ta a kasuwa? Wane irin ɗa ne kai?"

Ba zan ce maganarsa ba ta shige ni ba. Kwana uku ina juya ta. Abin da ya yanke min shi ne wani baƙo da ya zo shayarwa daga arewacin Tanut. Yana ta yaba mana, ya ce ai su yanzu ba sai sun wahala sun zo nan ba, akwai masu aska a wajensu da suka koya daga gani, suna bin mashekarai suna yi wa mutane. Na ce me suke yi? Ya ce, "Tsagar Inna mana, ta bayan kafaɗa."

Tsagar Inna! Kin ji sunan da suka sa mata. Ke da kika ƙi cin naman, ke da kika fara ganewa, da sunanki ake bi rijiya rijiya ana kashe karsanonin talakawa. Kuma ƙanenki, wanda ya fi kowa cin cinyoyin nan, yana ce min in yi shiru don in kare mutuncinki. Ba mutuncinki yake karewa ba. Yana son ranar da Nasara zai zo a gan shi tsaye a gaba da babbar riga, a ce shi ne mai rijiya.

Ranar kasuwar Belbeji na tafi wajen da ake tsai da shanu, na hau kan wani kututture. Na faɗa da Hausa, na roƙi wani ya maimaita da Fulatanci, wani da yaren Buzaye. Na ce tsagar bayan kafaɗa tana kisa, ni na ƙirƙiro ta, na gwada ta a kan shanun da bai kamata ba, an aiko min da shaida na cinye. Na ce duk mai yi ya bari daga yau.

Wani mutum da ban sani ba ya matso ya tofa min yawu a riga, ya ce karsanar matarsa ce, ita kaɗai gare ta, da ita aka kawo ta gidansa. Ban share yawun ba. Wani Buzu dogo ya ja rawaninsa ya rufe har ƙarƙashin ido, ya juya ya tafi, wannan ya fi min yawun ciwo. Ƴan Ollelewa da suka zo cin kasuwa kuwa har da tafi, wai dama sun faɗa, makarantar shanu ta yaye ɗalibanta zuwa tukunya.

Kafin in dawo gida Kawu Haruna ya sa an kwance rufin zaure ya kwashe azararsa. Ya ce daga yau babu mai shan ruwan rijiyar nan da sunan bincike. Daga bariki kuma saƙo ya zo cewa likita ya fasa zuwa. Wanda ya kawo saƙon ya ce tafinta yana ba da labari wai Nasara dariya ya yi tun ranar da ya ga takardarmu, ya ce a ƙasarsu an daɗe da sanin ba a sa huhu a gangar jikin saniya. Ban san ko gaskiya ne ba. In gaskiya ne, to ya riƙe takardar nan tsawon rani, yana da amsa a bakinsa, bai ga mun kai ya aiko mana da kalma biyu ba. Gwamnansu ya tattara daga Damagaram ya koma Yamai, su kuma da aka bari a nan ba su san mu ba sai ranar da suke neman raƙuma ko masu ɗaukar kaya. Wannan ma na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna.

Shanunki na raba su, Inna. Na bi waɗanda na san sun yi asara, na ba wanda zan iya ba. Tsofaffin shanu a madadin karsanoni, kuma ba su kai ko'ina ba. Matar mutumin da ya tofa min yawu ita na ba Jar Goshi, saniyar nan da kike tatsa da kanki. Abin da kika tara don gidan bincike ya ƙare ke nan, sai gonar gero da takardu. Na kwashe takardun na koma gindin aduwar nan da ke gabas da rijiya. Shafukan da na rubuta lafiya ban cire ko ɗaya ba. A gefen kowanne na rubuta, ƙarya ce, an yanka ta, na ci.

Na zauna kwanaki a gindin aduwa babu wanda ya zo, na ce shi ke nan, na kashe abin da kika haifa da hannuna. Sai shekaranjiya da hantsi na ga Baffa Juli tafe a ƙasa, yana jan wata karsana da igiya, tana ɗingishi. Ta wani maƙwabcinsa ce, masu askar nan ne suka tsaga ta kafin labari ya kai musu. Kafaɗar ta kumbura har ƙirji. Ya ɗaure ta a jikin aduwa, ya zauna a ƙasa ba tare da ya jira tabarma ba, ya ce, "Wannan karon da ƙafafunta na kawo ta. Ɗauko takardarka ka duba da kyau, ni ma zan faɗi abin da na gani."

Muka zagaye kumburin da ƙarfe mai zafi, muka tsaga ƙasansa don ruwan ya fita. Yana faɗa ina rubutawa, inda na yi kuskure ya ce ba haka ba ne, a gabana, ba ga bango ba. Ba ta tashi ba. Jiya da la'asar muka yanka ta, muka buɗe wurin, na zana abin da ke ciki yadda yake. Naman an raba wa matan da ke ɗiban ruwa, ni ban taɓa ba. Yau da safe wasu mutum biyu sun zo da tasu a tsaye, ɗaya kumburinta kamar yana ja da baya. Ban rubuta lafiya ba. Na rubuta, tana tsaye, za a sake dubawa gobe.

Gidan bincikenki ke nan yanzu: inuwar itace, tsoho ɗaya, da ni. Ban san ko zai kai baɗi ba.

Saura magana ɗaya, kuma a gabanki nake so in faɗe ta ga duk wanda ake karanta wa wannan takarda. Kada a tsaga saniya a bayan kafaɗa. Wanda ya ji ya gaya wa na gaba, ya gaya masa da baki, ba da cinya ba. Kuma kada wanda ya ƙara kiran ta tsagar Inna. Matar nan ruwa ta ba ku, da tuwo, da tambaya mai kyau. Tsagar da ta kashe muku dabbobi sunanta tsagar Lawali, haka za a riƙa faɗa daga Belbeji har Tanut, har ƴaƴanku su san abin da za su guda.

Kin ga yadda ta kasance, Inna. Sunan da kika yi shekaru kina ɓoyewa a bakinki don kunya da ƙauna, yau na sa shi a bakin kowa, kuma ba da alheri za a riƙa ambatonsa ba. Na yarda. Abin da na gani ke nan, shi na rubuta, kamar yadda kika ce.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki shi kamar yadda kika sanyaya wa baƙi da dabbobinsu maƙogwaro a tsakiyar rani. Allah ya mayar wa waɗanda na yi wa ɓarna da abin da ya fi nasu, ya huce zuciyata a kan Kawu, ya yafe min tsawar da na yi wa tsoho da fushin da na yi da ke. In ya sa mun haɗu a inda babu sauran kunya tsakanin uwa da ɗan fari, ina roƙon ki kira ni sau ɗaya, zan amsa.

Wassalam.

Ni ne ɗanki,
mai takardun nan.